Kalma Ɗaya, Kaya Huɗu: Me Muke Nufi Idan Muka Ce "Sinadari"?

Kalmar "sinadari" tana shan kaya a bakin Bahaushe. Mai kayan miya yana kiran dunƙulen ɗanɗano sinadari. Likita a rediyo zai ce a nemi gishiri mai sinadarin ayodin, mai juna biyu kuma jininta na buƙatar sinadarin ƙarfe. Mai karanta labarai zai ce an gano sinadari mai guba a ruwan rijiya. A maganar yau da kullum babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wahalar tana kan yaron da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, malamin kemistiri ya rubuta masa kalmomi huɗu a allo, atam da molikul da element da kwamfawun, ya dawo gida yana neman fassara, aka ba shi amsa ɗaya a kan kusan dukkansu. Daga nan sai ya jingina da hadda, ya ci jarabawa ko ya faɗi, amma bambancin bai taɓa zauna masa ba.

Abin da na lura yana rikita mutane shi ne ɗaukar kalmomin nan huɗu kamar matakan tsani, daga ƙarami zuwa babba. Ba tsani ba ne. Tambayoyi biyu ne daban aka cusa a layi ɗaya. Ɗaya tana cewa: wane iri ne wannan abu? Ɗayar kuma tana cewa: mene ne guda mafi ƙanƙanta a cikinsa, kuma yaya gudajen suka riƙe juna? Element da kwamfawun amsar tambayar iri ne. Atam da molikul amsar tambayar guda ne. Domin magana ta tafi da Hausa, zan riƙa ce wa atam zarra, molikul ƙulli, element sinadarin asali, kwamfawun kuma haɗaɗɗe.

Manomi ya riga ya san wannan rabe-raben ba tare da ya shiga aji ba. Idan ya ce "gero", iri yake faɗa: ba dawa ba ce, ba maiwa ba ce. Buhu guda gero ne, tiya guda gero ce. Idan kuwa ya ce "ƙwayar gero", ya koma maganar guda, wato ɗan abin da in ka raba shi ya tashi daga ƙwaya ya zama tsaki ko gari. Haka zinariya take. "Zinariya" sunan iri ne, sinadarin asali. "Zarrar zinariya" ita ce guda mafi ƙanƙanta da har yanzu za a iya kira zinariya. Ɗan kunne na tsantsar zinariya da curin da ke ajiye a banki duk abu ɗaya ne ta fuskar iri. Yawan zarra ne kawai ya bambanta.

Kalmar zarra daga Larabci muka aro ta, inda a asali take nufin 'yar mitsitsiyar tururuwa ko ƙurar da ake gani tana yawo a hasken rana idan ya ratso ta taga. Zarrar kimiyya ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai an jera zarrar zinariya kusan miliyan 3 da rabi kafin a cike milimita 1. Duk da haka tana da kayan ciki. A tsakiyarta akwai cibiya mai nauyi wadda ta ƙunshi furoton da nutiron, a kewaye kuma elektiron ne ke zagayawa layi-layi. Girkawan da, irin su Dimokiritas, kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kira ta da sunan da ya haifi kalmar atam, mai nufin "abin da ba ya yankuwa". Bature J. J. Tomson ya gano elektiron a 1897, Radafod ya gano cibiyar a 1911, Cadwik ya gano nutiron a 1932, sai ya tabbata cewa tana yankuwa. Sunan dai ya riga ya zauna.

Abin da ke yanke hukuncin iri abu ɗaya ne tak: yawan furoton da ke cibiya. Mai 1 haidurojin ne. Mai 6 kabon, mai 8 oksijin, mai 26 baƙin ƙarfe, mai 79 zinariya, mai 82 dalma. Tsakanin zinariya da dalma furoton 3 ne kawai, amma babu wutar maƙera ko ruwan batir da zai iya cire su ko ƙara su, shi ya sa masu neman juya dalma ta koma zinariya suka shafe ƙarnuka suna wahalar banza. Yawan nutiron kuwa yana iya bambanta ba tare da iri ya canza ba. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit da ke Jamhuriyar Nijar tun 1971 kowace zarrarsa furoton 92 gare ta, amma idan aka haɗa yawan furoton da nutiron akwai mai nauyin 238, wanda shi ne kusan duka, da mai nauyin 235, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma shi ne ake nema a tashoshin nukiliya. Biyun duka yuraniyom ne, kamar 'yan gida ɗaya da wani ya fi wani ƙiba.

Zuwa yau an san sinadaran asali 118, an kuma sanya wa huɗun ƙarshe suna a 2016. Kimanin 90 daga ciki ake samu a ƙasa da ruwa da iska. Sauran a ɗakunan bincike ake ƙirƙirarsu, wasu ba sa ma daɗewa suke tarwatsewa. Kaɗan daga cikinsu Bahaushe ya san su da sunansu tun kafin zuwan boko: zinariya, azurfa, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta. Gawayi ma mafi yawansa kabon ne. Abin da ya haɗa su shi ne duk yadda ka ƙona su, ka narka su, ka jiƙa su, ba za ka fitar da wani abu mafi sauƙi daga cikinsu ba. Wannan ma'aunin ne Bafaranshe Labuwaziye ya kafa. Kafin shi, an daɗe ana ɗaukar ruwa a matsayin ɗaya daga asalan halitta huɗu, tare da ƙasa da iska da wuta. A 1783 ya nuna cewa idan aka ƙona haidurojin a cikin oksijin ruwa ake samu, ke nan ruwa ba asali ba ne, haɗi ne. A 1789 ya fitar da jerin sinadaran asali 33. Ya yi kuskure a wasu, domin ya saka haske da zafi a ciki, ya kuma saka farar ƙasa wadda daga baya aka gano haɗaɗɗiya ce, amma hanyar da ya shata ita aka bi.

To, me ya sa zarra ba ta zama ita kaɗai? Wasu suna zama. Hiliyom da ake hura balan-balan da shi, da niyon, da argon wanda ya kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kowace zarrarsu ita kaɗai take yawo, ba ruwanta da kowa, domin layin elektiron ɗinta na waje a cike yake. Sauran kuwa layinsu na waje da giɓi, kuma wannan giɓin shi ne tushen kemistiri gaba ɗaya. Hanya ɗaya ta cike shi ita ce tarayya: zarra biyu su matso kusa, kowace ta kawo elektiron, su riƙe su tare. Idan adadi sananne na zarra suka riƙe juna ta haka, suka zama guda ɗaya mai yawo da kansa, shi ne ƙulli.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Ƙulli ba dole ne ya ƙunshi iri biyu ba. Oksijin da ke shiga huhunmu ba zarra ɗaiɗai ba ne, biyu-biyu suke a ɗaure, shi ya sa ake rubuta O2. Ƙulli ne, amma tun da duka biyun iri ɗaya ne, har yanzu sinadarin asali ne, bai zama haɗaɗɗe ba. Haka naitirojin, N2. Farar wuta ma takwas-takwas take ɗaurewa kamar zobe. Damin gero dai gero ne; ɗaurin bai canza masa iri ba.

Haɗaɗɗe yana samuwa ne idan iri biyu ko fiye suka ɗauru. Ƙullin ruwa zarrar oksijin 1 ce da ta haidurojin 2, H2O. A ɗigon ruwa guda akwai irin wannan ƙulli fiye da 1 mai sifili 21 a gabansa. Da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun haura shekara 6,000 ba su gama da ɗigon ba. Kuma a nan misalin dami ya ƙare aikinsa, domin idan ka ɗaure gero da dawa wuri ɗaya, gero yana nan gero, dawa tana nan dawa. Haɗin kemistiri ba haka yake ba. Haidurojin iska ce mai kama wuta, oksijin shi ne abincin wuta, amma abin da suka haifa shi ake kashe gobara da shi. Halin iyaye ya ɓace, sabon hali ya fito.

Alama ta biyu ta haɗaɗɗe ita ce awo ba ya canzawa. Ka ɗebo ruwa daga kogin Kwara, ko rijiya a Damagaram, ko ƙanƙarar da ta faɗo da damina, ka tace shi tsaf, ka raba shi: a kowane giram 9 za ka samu giram 1 na haidurojin da giram 8 na oksijin. Wani Bafaranshe mai suna Furust ne ya tsaya kai da fata a kan wannan ƙa'ida a ƙarshen ƙarni na 18. Ita ce ke raba haɗaɗɗe da gauraye. Gauraye shi ne gero da tsakuwa a faifai, ko sukari a shayi, wanda mai sha zai iya cewa a ƙara ko a rage. Iska gauraye ce: kusan kashi 78 naitirojin, kashi 21 oksijin, sai ragowar, kowa da halinsa, ba wanda ya ɗaure da wani. Sarƙar zinariya mai karat 18 gauraye ce, kashi 75 zinariya, sauran azurfa ko jan ƙarfe, kuma maƙerin farfaru yana iya sauya awon yadda ya so. Akwai gwajin da duk makarantar da ke da ɗan ɗakin gwaji ya kamata ta nuna wa yara, domin ya fi bayanin awa guda: a cuɗa garin baƙin ƙarfe da garin farar wuta, a kawo maganaɗisu, zai tsince ƙarfen ya bar farar wutar. A sake cuɗawa, awo 7 na ƙarfe da 4 na farar wuta, a gasa a wuta har ya yi ja. Abin da zai fito baƙin dunƙule ne da maganaɗisu ba zai iya tsince komai daga cikinsa ba. Kafin wuta gauraye ne, bayan wuta haɗaɗɗe.

Yanzu ga wata jimla da ɗalibai suke haddacewa: wai kowane haɗaɗɗe ƙulli ne, amma ba kowane ƙulli ne haɗaɗɗe ba. Rabin ƙarshe gaskiya ne, mun gani a oksijin. Rabin farko kuskure ne, kuma shaidar tana cikin kowane madafi. Gishiri haɗaɗɗe ne, amma babu wani abu wai shi ƙullin gishiri a cikin ƙwayarsa.

Gishiri ya cancanci a tsaya a kansa. Iyayensa biyu abin tsoro ne. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, wanda Hamfiri Debi ya fara warewa a Ingila a 1807. A cikin mai ake ajiye shi, domin in ya taɓa ruwa sai ya hau tafasa, wani lokaci har da wuta. Kilorin kuwa iska ce mai launin rawaya-kore, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Iper ta ƙasar Beljiyam, a 1915. Sodiyam yana da elektiron 11, ɗaya daga ciki ya yi saura a layin waje. Kilorin yana da 17, ɗaya yake nema ya cike. A nan ba tarayya ake yi ba, kyauta ce: sodiyam ya miƙa, kilorin ya karɓa. Wanda ya bayar ya koma mai cajin fositib, wanda ya karɓa mai cajin negatib, sai su riƙa jan juna. Amma jan ba na mutum biyu ba ne. Kowane sodiyam yana jan duk kilorin da ke kusa da shi, guda 6 ne ke kewaye da shi, kowane kilorin ma sodiyam 6 ne ke kewaye da shi, haka abin yake tafiya ta kowace fuska har bakin ƙwayar. Ya fi kama da saƙar tabarma, inda ba za ka nuna kaba biyu ka ce waɗannan su ne ma'aurata ba. Uba da ɗa masu suna Birag ne suka tabbatar da wannan tsari a Ingila a 1913, ta hanyar haska ƙwayar gishiri da hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Don haka idan aka rubuta NaCl, ba ana nufin ƙulli mai zarra biyu ba ne, ana nufin awon ɗaya da ɗaya ne. Tsatsa ma haka take, yashi ma ba shi da ƙulli, zinariya da jan ƙarfe ma tarin zarra ne da suka saki elektiron ɗinsu na waje suna yawo a tsakaninsu, wanda shi ya sa wayar jan ƙarfe take ɗaukar lantarki.

Wani zai ce, in awo ba ya canzawa, me ya sa kantun gishirin Bilma ya bambanta da farin gishirin leda a ɗanɗano da launi? Amsar ita ce kantun gauraye ne. Haɗaɗɗen da ke ciki ɗaya ne da na teku, amma akwai wasu ma'adinai da ƙasa da suka bushe tare da shi. Gishirin ledar ma ba tsantsa ba ne, tun da an barbaɗa masa ɗan haɗaɗɗen ayodin don maganin maƙoƙo. Kanwa 'yar uwar gishiri ce ta wajen uba. 'Yan boko suna ce mata fotash, sunan da ke nuni ga fotasiyam, alhali mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne ɗaure da kabon da oksijin. Matsa mata lemon tsami ka ga tana kumfa: haɗin ne ya warware, kabon da oksijin suka fice a matsayin iska. Abin da ke burge ni shi ne alamar sodiyam a duk littattafan duniya, Na, daga sunan irin wannan kanwar aka samo ta, wadda Misirawan da suke haƙa a kwarin Naturun. Alamar fotasiyam kuwa, K, tana komawa ga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai, irin tokar da iyayenmu mata suke tacewa su yi ruwan toka. Jadawalin sinadaran asali da yaro yake gani a aji kamar baƙon abu, kayan madafin gidansu na ciki.

Duk wanda ke ganin wannan rabe-rabe gardamar 'yan makaranta ce kawai, ya dubi abin da zarra ɗaya take yi. Idan gawayi ko fetur ya ƙone da isasshiyar iska, kowace zarrar kabon tana samun oksijin 2, a samu CO2, iskar da muke fitarwa da numfashi, wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Idan iska ta yi ƙaranci, kamar a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga da sanyin hunturu aka shigo da kaskon wuta, ko janareto da aka tayar a cikin gida ko a lungu kusa da taga, kabon da yawa oksijin 1 kawai yake samu, a samu CO. Sinadaran asali iri ɗaya ne, kabon da oksijin, amma kama da wane ba ta wane. CO ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana manne wa jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin yake mannewa sau 200 da ɗoriya. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, jininsa yana zagayawa amma ba ya ɗauke da abin da jiki ke buƙata. Gidaje nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali gaba ɗaya a kwance, aka ce iska ce ko sammu? Iska ce kam, amma mai suna da lissafi. Haka ruwa da ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, H2O2: zarrar oksijin ɗaya ce tsakaninsu, ɗaya ana sha, ɗaya ba a sha. Ko a cikin iri ɗaya ma, yadda aka ɗaura yana canza hali. Oksijin mai uku-uku, O3, shi ne ozon, wanda a can sama yake kare mu daga zafin hasken rana mai cutarwa, amma in aka shaƙe shi yana ƙona huhu. Baƙin bakin fensir da lu'ulu'un daiman duka tsantsar kabon ne. A ɗaya zarra sun kwanta falle-falle suna zamewa a kan takarda, a ɗayan sun riƙe juna ta kowace fuska har ba abin da ke iya karce shi cikin sauƙi.

Bai kamata ɗalibin da ya rikice ya ga kansa a matsayin daƙiƙi ba, domin manyan masana ma sun yi shekara 50 a cikin wannan ruɗani. Jon Dalton, malamin makaranta a Mancesta wanda ya farfaɗo da maganar zarra a farkon shekarun 1800, ya ɗauka ƙullin ruwa haidurojin 1 ne da oksijin 1, kuma bai yarda zarra biyu masu iri ɗaya za su iya ɗaurewa ba. A 1811 ɗan Italiya Abogadiro ya ce iskoki irin su oksijin da haidurojin biyu-biyu suke, wato ya bambance zarra da ƙulli. Ba a saurare shi ba har ya rasu. A tsawon wannan lokaci masana suna rubuta abu ɗaya da alamomi daban-daban, kowa da nasa lissafin nauyi. Sai a 1860, a wani taro a birnin Kalsiruhe na Jamus, wani ɗan Italiya mai suna Kannizaro ya dawo da maganar ya shimfiɗa ta dalla-dalla. A cikin mahalarta taron akwai matashi ɗan Rasha, Mendeleyeb, wanda shekara 9 bayan haka, a 1869, ya fitar da jadawalin sinadaran asali da ke rataye a azuzuwa har gobe. Sai da aka raba zarra da ƙulli sannan nauyin kowane iri ya fito daidai, sai da nauyi ya fito daidai sannan jadawali ya yiwu.

Manomi ma yana biyan kuɗin wannan bambanci kowace damina. Gonarsa tana nutse a cikin iskar da kusan kashi huɗu cikin biyar nata naitirojin ne, amma masararsa tana yin rawaya don rashin naitirojin. Dalili shi ne ƙullin N2 ɗaurinsa riɓi uku ne, ɗaya daga mafi ƙarfi da aka sani, tsiro ba ya iya kwance shi. Sai naitirojin ya shiga haɗaɗɗe tukuna saiwa take iya sha. Wake da gyaɗa da waken suya suna da ƙananan halittu a ƙurajen saiwarsu masu wannan aikin, shi ya sa tun kaka da kakanni ake haɗa gero da wake a gona ɗaya. A masana'anta kuwa, Haba da Bosh na Jamus ne suka gano yadda za a tilasta wa naitirojin ɗaurewa da haidurojin da matsanancin zafi da matsi, aka fara a 1913. Buhun yuriya da ake saya da tsada, kashi 46 na nauyinsa naitirojin ne. Ba naitirojin ɗin ake saya ba, tun da yana nan kyauta a iska. Kwance ƙulli ɗaya da ɗaura wani ake biya.

Maƙeran da suke narka tama sun yi irin wannan aiki ta ɗaya ɓangaren. Tama baƙin ƙarfe ne ɗaure da oksijin. Idan aka cusa ta a tanderu da gawayi aka yi ta zuga, kabon yana ƙwace oksijin ɗin ya fice da shi, ƙarfe ya rage. Ka bar fartanyar da aka ƙera a waje damina ta wuce a kanta, oksijin zai dawo ya sake ɗaurewa, ta yi tsatsa. Haɗaɗɗe ana ɗaura shi, ana kwance shi. Zarrar ƙarfen kuwa ita ce dai, a dutse, a fartanya, a tsatsa, har da cikin jinin maƙerin.

Wannan dawwamar ta sinadarin asali ita ce ta bayyana a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ba a matsayin ƙarfe mai sheƙi da ido zai gane ba, a'a, a cikin haɗaɗɗu masu kama da kowane dutse. Ana kawo su cikin gida a daka a niƙa, ƙura ta bazu a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Mai karatu mai lura zai tambaya: in kilorin mai guba ya zama lafiyayye a cikin gishiri, me ya hana dalma zama lafiyayya a cikin nata haɗin? Bambancin yana wurin da cutar take. Cutarwar iskar kilorin daga yunwar elektiron take, yana fizgarsa daga duk naman da ya taɓa; da zarar sodiyam ya ba shi, ya lafa. Ita dalma, bayan ta shiga haɗi ne ma take cutarwa, domin ruwan ciki yana narkar da haɗin, jiki kuma yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa. Shi ya sa kwallin gargajiya da ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli, wanda sau da yawa dalma ce ɗaure da farar wuta, bai dace da idon jariri ba.

Hayaƙin CO, tun da haɗaɗɗe ne, buɗe taga da isasshiyar iska ga wuta suna maganinsa, a sararin sama ma a hankali yake samun oksijin na biyu ya koma CO2. Dalma ba ta da wannan mafita. Ba a ƙona ta ta ƙare, ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya kashe ta, sai dai ya matsar da ita. Abin da ma'aikatan tsaftacewa suka yi a ƙauyukan nan, har zuwa Bagega a 2013, shi ne kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, a kwashe a binne a ramuka na musamman, a zubo sabuwar ƙasa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka riƙa ba yara wani magani wanda shi kansa ƙulli ne mai hannuwa biyu na farar wuta: yana shiga jini ya cafke zarrar dalma, ƙoda ta tace su tare, su fita da fitsari. Yaron da aka yi wa magani in ya koma gidan da ba a kankare ba, dalmar da ke ƙasa tana nan da furoton ɗinta 82, shi ya sa likitocin suka dage sai an fara tsaftace ƙauye kafin a fara ba da maganin.